Za Ka Masar a Babban Hutu? Ka Shirya wa Rana

Shekara 2 da suka wuce, a ƙarshen watan Yuli, wani dattijo ya zo ɗakin shan maganinmu karɓar maganin hawan jini, kamar yadda ya saba kowane wata. Malamin makaranta ne mai ritaya, shekarunsa sun kusa 70. Ran nan ya roƙa a ba shi na wata 2, domin ɗansa ya biya masa, shi da matarsa, kuɗin tafiya Masar. Ya yi shekara 30 yana zana wa yara Kogin Nilu da dalar Giza a allo, yanzu zai je ya gan su da idonsa. Na taya shi murna, sa'an nan na ce, "Baba, a watan Agusta fa za ku je. Sai an yi hankali da rana." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, a Marwa aka yanke cibiyata. Wace rana ce za ta ba ni tsoro?"

Ni ma na yi dariya, na ƙirga masa ƙwayoyinsa, ya tafi. Layi yana da tsawo ran nan, ban ƙara masa bayani ba.

Bayan mako 3 ya dawo, matarsa tana riƙe da hannunsa, da takardar wani asibiti na can. A rana ta uku ta tafiyar, wajen ƙarfe 12, ya yanke jiki ya faɗi a Kwarin Sarakuna, kusa da birnin Luksor. Kwana 2 ana yi masa ƙarin ruwa, ƙodarsa kuma ta taɓu. Sauran kwanakin hutun a gado ya ƙare su.

Bayanin da ban yi masa ba ran nan shi ne na rubuta maka a nan. Masar na ɗauka domin mutanenmu suna yawan zuwa can, wasu yawon buɗe ido, wasu neman magani ko ziyarar 'ya'yansu ɗalibai, sa'an nan su ɗan zaga gari kafin su dawo. Amma abin da za ka karanta zai yi maka amfani a kowace ƙasa da za ka je lokacin zafinta.

Zafin da za ka tarar

Bazarar Masar ba ta faɗuwa lokaci ɗaya da tamu. Mu zafinmu daga Maris ne zuwa Mayu. Nasu yakan yi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin babban hutun makaranta, lokacin da mu damina ta sauka, gari ya yi sanyi. A watan Agusta, zafin rana a Garwa ko Marwa bai cika wuce digiri 31 ko 32 ba. A Ngaundare, da yake kan tudu take, ba ya ma kai 30.

A Alƙahira, a watannin nan, zafin rana yakan kai wajen digiri 35. Luksor, inda manyan haikalai da kaburburan fir'aunoni suke, tana kudu da Alƙahira da fiye da kilomita 600, kuma a can digiri 41 ko 42 abin yau da kullum ne. Aswan tana gaba da Luksor, zafinta haka yake ko ya fi. A watan Yuni na 2024 ma'auni ya haura digiri 50 a Aswan. Ka kuma tuna cewa a inuwa ake ɗaukar waɗannan awo. Wanda yake tsaye a rana, a kan dutse, abin da jikinsa yake sha ya fi haka nesa.

Yini ma ya fi namu tsawo. A watan Yuni rana takan yi kusan sa'a 14 a sama a Alƙahira. Duwatsu da gine-gine suna shan zafi duk tsawon lokacin nan, su yi ta fitar da shi har cikin dare.

Kuɗin masauki a Luksor da Aswan yakan sauka a waɗannan watanni, domin baƙi sun fi zuwa daga Oktoba zuwa Afrilu. Idan aka nuna maka tafiya mai araha a watan Yuli, ka san dalilin arahar ke nan.

Me ya sa ɗan ƙasar zafi yake faɗuwa?

Baba bai yi ƙarya ba, ya san zafi. Abin da bai sani ba shi ne jiki ba ya ajiye sabonsa da zafi har abada. Idan bazara ta shigo a gida, jiki yakan ɗauki mako 1 zuwa 2 yana gyara kansa: gumi ya fara fita da wuri, ya ƙaru, gishirin da ke cikinsa ya ragu, ruwan jini ya ƙaru, zuciya ta daina wahala sosai. Idan zafi ya wuce, cikin 'yan makonni yawancin wannan sabo yakan tafi. Wanda ya bar gida a tsakiyar damina, jikinsa na damina ne. Jirgi zai kai shi Alƙahira cikin sa'a 4 ko 5, jikinsa kuwa yana bukatar kwanaki kafin ya iso.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ka duba yadda muke yi a gida a watan Afrilu. Manomi yana tashi daga aiki kafin rana ta take. 'Yan kasuwa suna shiga rumfa. Randa tana kusa, ga inuwar darbejiya, ga tabarma. Ba wanda yake yawo da ƙarfe 1 na rana sai dole. Waɗannan ɗabi'u su ne suke kare mu, ba launin fata ko wurin haihuwa ba. Mai yawon buɗe ido kuwa duk yakan bar su a gida. Ya biya kuɗi masu yawa, kwanakinsa kaɗan ne, an rubuta masa wurare 4 a yini ɗaya, mota tana jira, kuma yana jin kunyar ya ce ya gaji a gaban 'ya'yansa.

A aikin Hajji na 2024, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka. Ɗaruruwa daga cikinsu mutanen Masar ne, wato mutanen da aka haifa a ƙasar zafi. Yawancin waɗanda suka rasu sun yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana, ba wurin fakewa. Tafiya a ƙafa cikin rana, ba inuwa, ba hutu, ita ce take kayar da mutum, ko daga ina ya fito.

Yadda jiki yake sanyaya kansa

Zafin cikin jikin mutum yana tsayawa wajen digiri 37. Idan ya fara hawa, jiki yana da hanya 2. Ta farko, ya turo jini zuwa fata domin zafi ya fita. Ta biyu, ya fitar da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Idan iskar waje ta fi fatarka zafi, hanya ta farko ba ta aiki, sai gumi kaɗai ya rage. Mai tafiya cikin rana mai tsanani yakan rasa lita 1 na ruwa ko fiye cikin sa'a 1, tare da gishiri.

Iskar Luksor da Aswan busasshiya ce, irin tamu ta Maris. Gumi yana bushewa kafin ka gan shi, rigarka ba ta jiƙe ba, sai ka ɗauka ba ka rasa kome ba. Idan ruwa ya ragu a jiki, jini yana raguwa, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jinin da ke zuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Daga nan jiri yake farawa. A cikin kaburbura da cikin babbar dala kuma, numfashin mutane yana sa iska ta yi laima, gumi ba ya bushewa da kyau, zafi ya taru a jiki.

Kafin ka tashi

Ka zo asibiti mako 2 ko 3 kafin tafiya idan kai ko wani cikin abokan tafiyarka yana cikin waɗannan: wanda ya wuce shekara 60, ƙaramin yaro, mace mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai ciwon sukari, mai sikila, mai ƙiba sosai, da mai shan maganin taɓin hankali ko farfaɗiya. Mai sikila ya lura ƙwarai, domin rashin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Ga wasu daga cikin waɗannan, shawarar da za mu ba su ita ce a ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ko Disamba. Dalar Giza ta yi shekara wajen 4,500 a tsaye, za ta jira ka.

Ka kawo duk magungunanka a duba. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su Lasix, suna rage ruwan jiki. Wasu suna hana zuciya ƙara sauri lokacin da jiki yake bukata. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton, suna iya rage gumi. Ibuprofen da diklofenak suna cutar da ƙoda idan jiki ba ruwa. Kada ka daina maganinka da kanka. Ka tambayi likita abin da za ka yi idan gudawa ko amai ya kama ka a can, ya rubuta maka a takarda tare da sunayen magungunan da Faransanci ko Turanci.

Magani yana tafiya a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ake sawa ƙarƙashin jirgi ba. Allurar insulin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ba ta kuma son daskarewa. Kada a bar ta cikin mota. A lokacin zafi agogon Masar yana gaba da namu da sa'a 2, sai mai shan magani a kan lokaci ya san da wannan.

Ka riƙe katin rigakafin shawara, domin ana neman shi daga matafiyan ƙasashenmu. Ka sayi inshorar lafiya ta tafiya, ka karanta ko ta haɗa da kwanciya asibiti. Ka sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS guda 10 a jaka, da gorar ruwa, da malafa ko laima.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu musamman. Kana barin gida ne a tsakiyar lokacin sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kwantawa a jini ya tashi bayan mako 1 ko 2, kana can. Alamunsa suna kama da na zafi: ciwon kai, kasala, amai, zafin jiki. Likitan Masar ba kullum yake ganin wannan ciwo ba. Idan jikinka ya yi zafi, ka gaya masa ƙasar da ka fito, ka roƙa a gwada jini.

Tsara yininka kamar ɗan gari

Kwana 2 na farko, ka yi abu kaɗan. Ka huta daga gajiyar jirgi, ka fita da safe sa'a 1 ko 2, ka koma. Ka fara da Alƙahira, ka bar Luksor da Aswan sai jiki ya ɗan saba. Baba shi daga jirgi ya wuce Giza, washegari da dare ya hau jirgin ƙasa, ya kwana zaune, da safe aka kai shi Kwarin Sarakuna.

Ka raba yini kashi 3. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe 10 na wuraren da ba inuwa ne. Daga 11 zuwa 4 na ɗaki ne. Daga la'asar zuwa dare na kasuwa ne da bakin kogi. Manyan wuraren Luksor suna buɗewa tun ƙarfe 6 na safe. Ka tambayi masauki lokacin buɗewa, ka kasance cikin na farko a ƙofa.

Ka san irin wurin da za ka shiga. Kwarin Sarakuna kwari ne tsakanin duwatsu farare, ba itace ko ɗaya, akwai kaburbura fiye da 60, har da na Tutankamun wanda aka gano a 1922. Tikiti na gama-gari yana ba ka shiga 3. Wasu suna da dogon gangare da matakala, kuma duk abin da ka sauka sai ka hau shi. Haikalin Sarauniya Hatshepsut yana gindin dutse, fili ne fetal a gabansa, zafi yana dawo maka daga ƙasa da kuma bango. Karnak yana da faɗi ƙwarai. Akwai inuwa a zauren ginshiƙai 134, sauran kuwa rana ce. Kada ka haɗa wuraren nan 3 a safiya ɗaya. Haikalin Luksor da ke cikin gari yana buɗe har bayan faɗuwar rana, ka bar shi sai yamma. Masu zuwa Abu Simbel daga Aswan, tafiyar kilomita wajen 280 cikin hamada, sukan tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, ba don kome ba sai don su riga rana.

Shiga cikin babbar dala ta Giza sai an sunkuya, a hau wata hanya ƙunci mai tsawo, iska kuma kaɗan ce. Mai ciwon zuciya, mai asma da tsoho su tsaya su kalle ta daga waje. Ba su rasa wani abu mai yawa ba.

Tsakar rana, ka shiga gidan tarihi mai na'urar sanyaya ɗaki, kamar na Luksor ko na Nubiya a Aswan, ko ka koma masauki ka kwanta. Ka tabbata ɗakin kwananka yana da na'urar da ke aiki kafin ka biya. Jikin da bai huce da dare ba, da bashin zafi yake shiga gobe.

Idan kana cikin ayari, ka gaya wa jagora tun da safe cewa akwai tsoho ko marar lafiya. Ba laifi ba ne ka zauna a rumfa wasu su shiga. Kada kuma ka ware kai kaɗai. A watan Yuni na 2024, wani likita ɗan Ingila sananne a talabijin, Michael Mosley, mai shekara 67, ya fita tafiya a ƙafa shi kaɗai da tsakar rana a wani tsibirin ƙasar Girka, lokacin zafi mai tsanani. Bayan kwana 4 aka sami gawarsa. Zafi yana rikita tunani tun kafin mutum ya san yana cikin hatsari, shi ya sa ake bukatar idon wani a kansa.

Tufafi

Abin da muke sawa a gida ya dace, in dai an zaɓa. Doguwar riga ko jallabiya ta auduga, mai faɗi, mai haske, ta fi matsattsun kaya. Shadda mai kauri da sitati, da leshi na roba, da baƙin mayafi mai nauyi, a ajiye su sai fitar dare. Ka rufe kai da wuya. Laima tana da amfani ƙwarai, ga maza ma. Ka sa tabarau na rana, domin hasken farin dutse yana gajiyar da ido. Baƙar fata ma tana ƙuna, musamman leɓe da hanci da bayan wuya. Ka sa takalmi rufaffe. Idan za ka ziyarci tsofaffin masallatan Alƙahira, inda ake cire takalmi, ka riƙe safa, domin daɓen tsakar gida yana ƙona ƙafa. Mai ciwon sukari yana iya ƙonewa bai ji ba, sai ya duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Ruwa, gishiri da abinci

Kada ka jira ƙishirwa, musamman idan kai tsoho ne, domin jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. Ka sha kofi 2 kafin ka fita. Kana cikin rana, ka sha kofi 1 kowane minti 15 zuwa 20. Fitar safiya ɗaya tana bukatar aƙalla lita 2 ga kowane babba. Kada ka wuce lita 1 da rabi cikin sa'a 1, kuma kada ka yini kana shan ruwa zalla ba abinci, domin gishirin jini yana iya sauka, shi ma hatsari ne. Ka ci abincinka da gishirinsa. Ranar da ka yi gumi sosai, ka haɗa ƙunshin ORS a lita 1 ka sha. Idan babu, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya bi abin da aka rubuta masa.

Fitsari shi ne ma'auninka. Idan ruwan ɗorawa ne mai haske, lafiya. Idan ya yi duhu kamar shayi, ko ka yi sa'a 6 ba ka yi ba, jikinka yana bin ka bashin ruwa. A nan Baba ya yi kuskure. Maganinsa yana sa shi fitsari, bai san inda bayan gida yake ba, bai kuma so ya tsayar da mutane. Sai ya ƙi shan ruwa tun asuba. Akwai bayan gida a ƙofar manyan wuraren nan. Ka riƙe 'yan canji na mai tsaron wurin, ka sha ruwanka.

Ka sha ruwan kwalba wanda ba a ɓalle murfinsa ba. Za ka tarar da abubuwan sha da ka sani: zoɓo suna ce masa karkade, akwai ruwan tsamiya, ruwan goruba da ruwan rake. Suna da daɗi, amma ka lura da ruwan da aka haɗa su da ƙanƙarar da aka sa, mai ciwon sukari kuma ya lura da zaƙinsu. Gudawa tana yawan kama baƙi a Masar, kuma gudawa da zafi idan suka haɗu suna zuƙe mutum cikin sa'o'i kaɗan. Ranar da cikinka ya ɓaci, ranar zaman ɗaki ce da ORS. Ka ci abinci mai zafi da aka dafa yanzu, da 'ya'yan itacen da ka ɓare da hannunka. Giya tana ƙara rashin ruwa, tana kuma ɓoye alamun hatsari. Idan kana azumi, kada ka haɗa shi da yawon rana.

Komin zafi, kada ka yi wanka a Kogin Nilu ko magudanan gona, saboda tsargiya.

Jariri mai shan nono a ƙara masa nono. Kada a lulluɓe keken jariri da zane, zafi yana taruwa a ciki. Kada a bar yaro ko tsoho a cikin mota a rufe, ko na minti 5 ne.

Alamun da za ka kula da su

Mataki na farko shi ne murɗewar nama a ƙafa ko ciki, ƙurajen zafi, kumburin sawu, da jiri idan an miƙe. Jiki yana gargaɗi ne. A shiga inuwa, a sha ORS, a bar yawon ran nan.

Mataki na biyu shi ne galabaita. Mutum yana gumi sosai, ga ciwon kai, tashin zuciya, kasala, zuciya tana bugawa da sauri, amma hankalinsa yana nan, yana ba da amsa daidai. A kwantar da shi a inuwa ko ɗaki mai sanyi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, a ba shi ORS kaɗan kaɗan. Idan minti 30 ya wuce bai ji sauƙi ba, ko yana amai, a kai shi asibiti.

Mataki na uku shi ne bugun zafi, kuma yana kisa. Zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Alamarsa babba ita ce canjin hankali: maganar da ba ta kan hanya, faɗa ba dalili, tangaɗi kamar mai maye, jijjiga, ko suma. Fata tana iya bushewa, tana kuma iya zama da gumi, saboda haka kada gumi ya yaudare ka. Matar Baba ta ce kafin ya faɗi sai da ya tambaye ta ko an buga ƙararrawar tashi daga makaranta.

Idan ka ga haka, sanyayawa ita ce farko, a wurin, kafin mota ta zo. Wani ya kira motar asibiti, lambarta a Masar 123, ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido kuma 126. Ku ɗauke shi daga rana, ku cire tufafin sama, ku kwarara masa duk ruwan sanyin da kuka samu daga wuya zuwa ƙafa, ku yi ta fifita da ƙarfi. Ku sa ƙanƙara ko kwalaben ruwa masu sanyi a wuya, da hamata, da matsematsi. Idan a masauki ne, ku sa shi cikin bahon ruwan sanyi, wani yana riƙe da kansa. Kada ku ɗura wa wanda ba ya cikin hankalinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, kada ku ɓata lokaci a kansa. Ku ci gaba da sanyaya shi a cikin mota har asibiti. Ko ya farfaɗo, sai likita ya gan shi, domin ƙoda da hanta suna iya nuna lahani daga baya.

Kalmomi 5 na Larabcin Masar za su taimake ka: mayya ruwa, is'af motar asibiti, mustashfa asibiti, saydaliyya kantin magani, mahlul gafaf kuma shi ne ORS. Ka rubuta su a takarda tare da sunan masaukinka, da ciwonka, da lambar wayar abokin tafiyarka, ka sa a aljihu.

Bayan ka dawo

Idan zafi ya kayar da kai a can, ka zo da takardun asibitin a sake gwada ƙoda da hawan jini. Wanda bugun zafi ya taɓa kamawa, jikinsa yakan yi makonni bai jure rana ba, sai ya yi aiki a hankali.

Abin da ya ceci Baba shi ne matarsa ta juye masa duk ruwan da ke jakarta, wasu baƙi suka ƙara da nasu, direba kuma ya kunna sanyin mota ya kai su asibiti ba jinkiri. Wata 3 muka yi muna bin ƙodarsa kafin awo ya daidaita, an kuma canja masa maganin hawan jini. Yana nan yana zuwa kowane wata. Ya ce kabari ɗaya kawai ya gani, saura 2 a tikitinsa, kuma in da rai zai koma a watan Janairu. Na ce, "Baba, wannan karon sai kun zauna mun yi magana tukuna." Ya ce ya ji.

Kai ma, idan tafiya ta taso, ka zo da magungunanka da takardar tsarin tafiyar, mu duba tare. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.